Rubutun Hausa a Intanet

Rubutun Hausa a intanet shi ne duk abin da masu jin Hausa ke rubutawa, su tura wa juna, su kuma adana ta waya ko kwamfuta: labaran duniya, wa'azi, ƙagaggun labarai, tallar haja, sanarwar ɗaurin aure, har da gaisuwar Juma'a. Tarihinsa bai wuce shekara talatin ba. Tun farkonsa kuwa abu biyu ne suka tsaya masa a wuya: yadda za a rubuta harshen daidai a na'urar da ba don shi aka ƙera ta ba, da kuma inda rubutun zai kwana bayan an karanta shi.

Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami kafin zuwan Turawa. Bokon da ake bugawa a waya yau kuwa a Zariya aka daidaita shi, a shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Fassara. Gasar da hukumar ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, sannan a Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita. A wancan zamanin ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka samu gindin zama. Ba ado ba ne. Da su ake raba fada da faɗa, da baki da baƙi, da kafa da ƙafa. Wanda ya rubuta cewa an yi fada a fada, ya bar mai karatu da aikin gane ko dambe aka yi a gidan sarki ko me.

Suleja tana da nata kason a wannan babi. Garin shi ne tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan sarakunan Haɓe na Zazzau sun baro Zariya a lokacin jihadi. 'Ya'yan garin biyu, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun rubuta tarihinsa da al'adunsa da Hausa, aka fitar da fassarar aikin da Turanci a 1952. Har yau masu bincike na ɗauko littafin daga kanta su karanta, shekara saba'in da 'yan kai bayan bugunsa. Yana da kyau a riƙe wannan a zuci, domin nan gaba za a ga rubutun da bai kai shekara goma ba ya ɓace ƙurmus.

Da kwamfuta ta zo, sai ta zo da haruffan masu ita. Tsarin ASCII na Amurka, wanda aka fitar a 1963, alamomi 128 kawai ya tanada, kuma babu ko ɗaya daga cikin masu lanƙwasa. Tsarin Unicode da ya bayyana a 1991 ya ba su gurbi, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y. Amma samun gurbi a takarda daban, isowa hannun mai buga rubutu a Kano ko Suleja daban. An shafe shekaru masu shagunan buga takardu suna buga k da d da b, sannan a bi da biro a yi musu ƙugiya. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro jerin haruffan kwamfuta masu ɗauke da lanƙwasar Hausa, abin da ya sauƙaƙa wa marubuta da maɗaba'u aiki ƙwarai. Sai dai irin waɗannan haruffa a kwamfutar da aka ɗora su kaɗai suke fita daidai. Idan aka tura rubutun wata na'urar, sai ƙugiyar ta rikiɗe ta koma wata alama marar ma'ana.

Intanet ta shigo Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, amma ta tsaya a jami'o'i da manyan ofisoshi, daga baya ta sauko shagunan da ake biyan kuɗin awa a zauna gaban kwamfuta. Talakan Bahaushe ba ta nan ya shiga ba.

Ta waya ya shiga. A farkon 2001 layukan NITEL da ke aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane sama da miliyan ɗari. A Janairun shekarar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin, layi kaɗai yana cin dubban nairori, kira kuwa naira 50 ne minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan farashi ya fara karyewa. Garuruwan da ke gefen babban birni, irin su Suleja da Madalla, sun ga wannan sauyi da idonsu, domin tun da aka mayar da mazaunin gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991 suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da ke kwana a nan su yi sammako zuwa birni. Mutumin da iyalinsa ke Katsina ko Sakkwato, shi kuma yana haya a Suleja, ya fi kowa sanin darajar waya. Haka laima da tebur da kujerar roba suka bayyana a bakin tituna, ana biya a yi kira, ana sayar da kati, ana karɓar cajin waya idan an ɗauke wuta.

Tsadar kira ce ta koya wa mutane rubutu a waya, kuma a nan ne aka yi asarar da har yau ba a gama farfaɗowa daga gare ta ba. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Amma wannan adadin na haruffan da tsarin ya sani ne. Da zarar an saka baƙon harafi guda, irin ƙ, sai saƙon ya koma wani tsarin da ba ya wuce harafi 70, kuɗi ya ninka. Balle ma yawancin wayoyin lokacin, masu madannai goma sha biyu, ba su da haruffan sam. Saboda haka miliyoyin mutanen da suka fara rubuta Hausa kullum, wasunsu ba su taɓa zama ajin Hausa a makaranta ba, suka koye ta ba ƙugiya, ba ƙa'idar raba kalma. “Ya ke” da “yake” suka cakuɗe, x ta maye gurbin z a hannun matasa, “slm” ta tsaya a madadin cikakkiyar sallama. Masana harshe sun yi ta kuka da wannan, kuma kukansu yana kan hanya. Amma adalci shi ne a faɗi ɗaya gefen: ba a taɓa samun zamanin da Hausawa masu yawa haka suka riƙa rubutu da harshensu a kowace rana ba, mata da maza, birni da ƙauye. Makarantun yaƙi da jahilci na shekarun 1950 sun yi aiki babba, amma yawan hannayen da waya ta sa rubutu ya zarce nasu nesa.

Daga wajen 2008 zuwa 2013 abubuwa suka yi sauri. Manhajar Opera Mini, wadda ke matse bayanai kafin su iso waya, ta sa ƙaramar Nokia ta iya shiga intanet da kuɗi kaɗan. Manhajar hira ta 2go, daga Afirka ta Kudu, ta mamaye matasan Arewa, masu hali kuma suka riƙe BlackBerry. A 2010 wayar ƙarƙashin teku ta Main One ta fara aiki daga Legas, data ta ƙara araha. Facebook ya zama dandali, WhatsApp ya biyo baya ya shiga har ɗakin tsofaffi.

A daidai wannan lokaci, a Amurka da Turai, ana ta wata harka da ta shafi adanawa. A 2003 Joshua Schachter ya buɗe Delicious, inda mutum zai ajiye adireshin duk abin da ya karanta ya ji daɗinsa, ya liƙa masa kalmar shaida, sauran jama'a su gani su amfana. Digg ya biyo a 2004, Reddit a 2005. Tunanin mai kyau ne: jama'a su zama masu tsara ɗakin karatunsu da kansu. Wannan salo bai yi saiwa a ƙasar Hausa ba, kuma dalilin a fili yake. An gina shi ne don mai kwamfuta da intanet ɗin da ba ta yankewa. Bahaushe kuwa, da ya san data na ƙarewa, sabis na ɗaukewa, abin da ya sauko cikin wayarsa shi ya ɗauka nasa. Ma'ajiyarsa ita ce memori. Daga nan sana'ar masu turi ta samo asali, matasan da ke zaune da kwamfuta a kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano da ƙananan shaguna a kowane gari, suna loda wa mutane karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi da finafinai. Abin da ya shiga waya ɗaya kuma sai ya bi ta Bluetooth, daga baya Xender, ya zaga unguwa ba tare da an kashe ko kwabo ba. Masu shirya finafinan Kano sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan hanya, domin tana cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifai.

Abu ɗaya daga waccan harkar ya ƙetaro, wato kalmar shaida. A Agustan 2007 Chris Messina ya ba da shawarar a riƙa sa alamar # gaban kalma a Twitter don tattara zance wuri guda. Nijeriya ta ga ƙarfinta a 2014, bayan sace 'yan matan Chibok. A 2015 kuma ɗan jarida Abdulbaƙi Jari da abokansa suka fara maudu'in Ranar Hausa, suna kiran mutane su yi rubutu da Hausa, su kawo karin magana, a ranar 26 ga Agusta. Abin da ya fara a waya yau ya zama taron da ake yi a ƙasashe da dama, har a fadojin sarakuna. Kamfanonin ma sun lura da yawan masu harshen: Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disambar 2013, Facebook kuma ya fito da tsarinsa na Hausa a 2016.

Babu inda sauyin ya fi fitowa kamar a ƙagaggun labarai. Adabin Kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1980 da alƙaluman irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, ya dogara ne da maɗaba'a da 'yan kasuwar littafi da masu ba da haya. Da takarda ta yi tsada, masu karatu kuma suka koma waya, sai sabbin marubuta, akasarinsu mata, suka fara sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Ana ba da farkon kyauta, idan labari ya kai inda ba a iya haƙura, sai a tura kuɗi ta banki a ci gaba. Matar aure da ke cikin gida ta samu masu karatu a Yamai da Kumasi da Jidda ba tare da ta roƙi kowa ya buga mata ba. Wannan 'yanci ne na gaske. Yana da tsadarsa kuma: babu edita, satar fasaha ta zama ruwan dare, ana cire sunan marubuciya a ci gaba da yaɗa aikinta. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta taimaka wajen fito da wasu daga cikin waɗannan marubuta fili.

Ga inda batun kwanan rubutu ya dawo. StumbleUpon, wani dandali irin su Delicious da Digg, ya rufe a 2018. Manhajar hira ta BlackBerry ta daina aiki ga jama'a a ƙarshen Mayun 2019. OkadaBooks, kasuwar littattafan waya da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wadda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a ciki, ta rufe a Nuwambar 2023. Labarin da ke cikin waya kuwa, ranar da aka sace ta ko memori ya lalace, ya tafi ke nan. Hukuma ma tana iya rufe ƙofa: an dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a Satumbar 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda matsalar tsaro. Abin takaici ne a ce mai binciken da zai zo nan gaba zai fi samun sauƙin karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 a kan labarin da dubban mata suka yi ta jira kowane dare a 2016.

Ko abin da bai ɓace ba, nemo shi aiki ne. Mai neman “ƙasa” ba lallai ya ga abin da aka rubuta da “kasa” ba. Suleja kuma tana da tata matsalar ta daban. Bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birni, garin ya bar wa birnin sunansa, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Don haka tsofaffin rubuce-rubuce a kan garin duk da sunan Abuja suke, kuma mai nema sai ya tarar da unguwannin sabon birnin irin su Maitama da Asokoro sun rufe su. Cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi suna har hotonta ya hau takardar naira 20, mutane da yawa na ɗauka a babban birnin take, alhali a Suleja ce.

A 'yan shekarun nan murya da hoto sun sake karɓar fage. Saƙon murya a WhatsApp ya buɗe wa wanda bai iya boko ba hanya, TikTok da YouTube suka ɗauke hankalin matasa, malamai kuma suka mayar da tafsirin azumi kai tsaye ta waya. Gefe guda kuma, madannan wayoyin zamani sun zo da ɓ da ɗ da ƙ, ba sai an biya ƙarin kuɗi ba, ga kuma 'yan sa-kai da ke rubuta maƙaloli a Wikipedia ta Hausa suna kiyaye ƙa'ida gwargwadon iko. Manhajojin fassara da na mayar da magana rubutu daga abin da mutane suka riga suka rubuta suke koyon harshe, kuma kaso mai yawa na Hausar da suka tarar a intanet ita ce waccan ta zamanin tes, marar ƙugiya.