Ƙaidin Tambaya: Tarihin Daftarin Ruwa a Ƙasar Kura

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin fiƙihu ya san fatawa tambaya take bi, ta yadda idan tambaya ta zo muɗlaƙa, ba ƙaidin wuri, ba na lokaci, ba na mutum, amsarta ma haka za ta zo, mai faɗi, marar fa'ida ga mabuƙaci. Wannan ƙa'ida ce ta faɗo mini ran da na tsaya bayan wani akawu a wani ofis, yana neman fitar da jerin manoman da ake bi kuɗin ruwa, ina nufin ladan ban ruwa, ba na riba ba, wa'iyazu billahi. Kafin na'urar ta ba shi komai, sai da ta buɗe masa gurabe uku ta ce ya cike: wane yanki, wane rani, kuma masu bashi yake nufi ko waɗanda suka biya. Nan na gane ashe tsohuwar al'ada ce ta sake riga.

Tun kafin Nasara su ci Kano a 1903, sarauta tana karɓar kuɗin ƙasa da kuɗin shuka, da kuɗin karofi a kan marina, abin da ya shafi Kura ƙwarai, garin da rininsa ya kai rawanin ɗan Kura har kan Buzayen Azbin, sa'an nan da kuɗin rafi a kan masu lambu da ke ban ruwa da jigo. Galibin daftarin wancan zamani a ƙirjin mutane yake. Jakada ya sauka, ya ce wa dagaci na bana ake nema, na unguwar wane, dagaci ya waiwayi mai unguwa, shi kuwa ya lissafo gida gida, domin ya san wanda ya rasu, ya san wanda ya tafi cin rani. Da Turawa suka kafa baitulmali, suka baza malaman taki suna auna gonaki da sawu, sai ilimin ya tashi daga ƙirji ya koma kundi, wanda ba ya mantuwa, amma kuma ba ya gane nufin mai tambaya sai an bi shi shafi shafi.

Noman ranin da muka sani yau ya samo asali ne zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Aka soma gwaji a Kadawa da ruwan Bagauda, aka kammala madatsar Tiga a 1974, daidai lokacin da fari ya gigita arewa, aka kuma tsara, bisa shawarar kamfanin NEDECO na ƙasar Holan, cewa kashin farko zai shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. To, a nan ne mas'alar daftari ta yi nauyi, gama an karɓi gonakin gado, an baje su da katafila, iyakoki da itatuwan da kakanni suke shaida da su sun gushe, sa'an nan aka mayar wa mutane filaye masu lamba, kowane yana ƙarƙashin ƙaramar magudana, ita kuma tana ƙarƙashin yanki, yanki yana shan ruwa daga reshen gabas ko na yamma. Mutumin da jiya ake sanin gonarsa da tsamiyar da ke bakinta, yau sai da lamba. Wata Baturiya, Tina Wallace, ta zauna a Ciromawa ta yi nazarin yadda wannan sauyi ya taɓa talakawa, aka buga a Zariya a 1979. Kuma tun wancan lokaci daftari yake da wani aibu da bai rabu da shi ba: sunan mai fili kaɗai yake ɗauke da shi, alhali mai noman, sau da yawa, ɗan haya ne ko mai jingina, musamman bayan hana shigo da alkama a 1987, sa'ad da masu kuɗi daga birni suka yi ta neman filaye.

A can wata duniya kuwa, a 1970, wani masani a kamfanin IBM mai suna Edgar Codd ya bayyana yadda za a jera bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna, a riƙa yi musu tambaya. Daga baya aka sami manhajojin tsara rahoto irin su Crystal Reports da JasperReports. Hikimarsu ita ce raba aiki uku: rumbun bayanai yana riƙe da komai, rahoto takarda ce tsararriya mai gurabe a buɗe, manhajar da akawu ke taɓawa kuma ita ce jakada, tana ɗaukar abin da ya zaɓa ta miƙa wa kowane gurbi da sunansa. Takarda guda sai ta wadatar da yankuna duka da shekaru duka. A nan gida kuwa, da Bankin Duniya ya amince da shirin ban ruwa na TRIMING a 2014, aka koma kan gyaran magudanu da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, buƙatar irin wannan lissafi ta ƙaru, domin ƙungiya ba ta iya karɓar kuɗi a hannun wanda ba ta ƙididdige ba.

Sai dai wannan jakada ba shi da basirar na dā, abin da aka ba shi kurum yake kaiwa. Rani yana farawa ne wajen Nuwamba ya ƙare cikin shekara mai bi, saboda haka wanda ya miƙa shekara tsura ya tsaga kaka ɗaya gida biyu, ya haɗa rabin alkamar bara da rabin ta bana. Na ga akawun nan ya rubuta 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, na'urar ta karanta bisa tsarin Amurka, ta ba shi 4 ga Maris, wata guda cur ya ɓace daga lissafin, bai kuwa farga ba sai da jimilla ta ƙi daidaita da rasit. Manomi yana magana da eka, daftari da hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Suna kuwa ba abin dogaro ba ne a ƙasar da unguwa guda take da Musa Abdullahi biyar, balle a ce wani ya rubuta da ƙa mai lanƙwasa, wani ya rubuta da marar lanƙwasa. A ganina wajibi ne mai rubuta manhaja ya miƙa lambar fili maimakon suna, ya miƙa ranar farko da ta ƙarshe a matsayin kwanan wata na haƙiƙa, kuma ya sa rahoton ya buga ƙaidojin da aka ba shi ɓaro-ɓaro a saman shafi.

Kai kuma ɗan'uwa manomi, in an kawo maka takardar bashi, kada ka fara da ƙasanta inda kuɗin yake. Duba samanta tukuna, ka ga yankin naka ne, ranin na bana ne, lambar ta filinka ce, sa'an nan ka sa hannu aljihu.