Wasika Daga Doha: Tarihin Hoton Kirji Da Tarin Fuka

Da yawa daga cikinku masu niyyar zuwa Katar neman aiki suna tambaya ta me ya sa ba a ba mutum ikama sai an dauki hoton kirjinsa. To abin yana da tarihi, bari in dan gutsura muku.

Wani Bajamushe mai suna Rontgen ne ya gano hasken da ke ratsa jiki a 1895. Amma hoton yana da tsada, sai a 1936 wani likitan kasar Barazil, Manuel de Abreu, ya fito da dabarar daukarsa a kan dan karamin fim, cikin sauri da araha. Amfanin haka shi ne, tarin fuka kan dade yana cin huhu kafin mai shi ya farga, alhali yana iya harbar na kusa da shi. Hoto kuwa yakan tona asirin cutar tun da wuri.

Gangamin da ya fi shahara shi ne na birnin Gilasgo a Birtaniya, a 1957. Motoci 37 dauke da na'urori suka bazu cikin gari, a makonni biyar kacal aka dauki hoton mutum sama da 700,000, wato kusan kashi uku cikin hudu na manyan birnin. An gano sabbin masu cutar fiye da 2,000, aka dora su a kan magani, don a lokacin an riga an sami magungunan da ke warkarwa.

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina bin jama'a barkatai da hoto, saboda kudin da ake kashewa ya fi abin da ake samu. Sai dai a 2021 ta sake karfafa gwajin a wuraren da cutar ta yi katutu, har ta amince kwamfuta ta rika duba hotunan.

Nan Doha salon daban ne. Mafi yawan mazauna kasar baki ne, kuma akasarin masu tarin fuka ma'aikata ne daga kasashe irin su Indiya da Nepal. Saboda haka a bakin kofa ake tare mutum. Mai neman ikama sai ya je hukumar gwajin lafiya da ke unguwar Abu Hamur, wadda muke kira Medikal, a debi jininsa a dauki hoton kirjinsa. Idan an ga alama, sai a kara bincike da gwajin kaki. A 2016 hukumar asibitocin Hamad ta bude cibiyar cututtuka masu yaduwa inda ake kula da masu wannan ciwo, daga 2018 kuma aka fara yi wa ma'aikatan wasu kasashen Asiya gwajin tun a gida.

Ga inda nake so ku lura. Mutumin Gilasgo magani ya samu ya koma gidansa, shi kuwa sabon bako a nan, ko tabon tsohon ciwo ne a huhu yana iya hana shi ikama, bayan ya sayar da gona ya biya dillali. Don Allah duk mai shirin tasowa ya fara yin hoton a gida. Wanda kuma tari ya wuce masa mako biyu, ko yana zufar dare da rama, ya garzaya Asibitin Zana a Kano, ko cibiyar Saye a Zariya, ko asibitin gwamnati mafi kusa. Maganin kyauta ne, wata shida ake sha, kuma ana warkewa sarai in ba a yanke ba.

A gaida mutanen gida baki daya. Allah Ya kara mana lafiya, amin.