Yadda Yukren ke gudanar da hidimomin gwamnati a lokacin yaƙi

Lokacin da sojojin Rasha suka kutsa cikin ƙasar Yukren a ranar 24 ga watan Fabrairun 2022, miliyoyin mutane sun tsere daga gidajensu, wasu ko takardun shaida ba su ɗauka ba.

An rufe ofisoshi a yankunan da ake gwabza faɗa, amma hidimomin gwamnati da dama ba su tsaya ba, saboda tanadin da aka yi tun kafin yaƙin.

Manhajar Diia

A watan Fabrairun 2020 ne ma'aikatar fasahar zamani, wadda Mykhailo Fedorov yake jagoranta a lokacin, ta ƙaddamar da manhajar wayar salula mai suna Diia. A 2021 doka ta daidaita matsayin fasfon da ke cikin waya da na takarda a cikin ƙasar.

Gab da ɓarkewar yaƙin, majalisar dokoki ta amince a adana bayanan gwamnati a rumbunan kwamfuta na ƙasashen waje, domin kada harin makami mai linzami ya hallaka su.

Daga nan aka ƙara wa manhajar ayyuka. Ta nan ne 'yan gudun hijira na cikin gida ke neman tallafi, kuma a 2022 an biya waɗanda suka rasa sana'arsu a yankunan yaƙi hryvnia 6,500 kowannensu. Wanda aka rusa wa gida kan shigar da bayanin ɓarnar, kuma a watan Mayun 2023 aka fara shirin biyan diyya. Ya zuwa 2024, masu amfani da manhajar sun haura miliyan 20.

Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi

Sai dai manhaja ba ta raba abinci ko samar da makwanci. Wannan nauyi ya faɗa kan ƙananan hukumomi, waɗanda garambawul ɗin da aka soma a 2014 ya ƙara wa iko da kuɗaɗen shiga.

Hukumomin sun mayar da makarantu da ɗakunan taro masaukin baƙi, yayin da ƙungiyoyin sa-kai suka riƙa kwashe tsofaffi da marasa lafiya, suna kuma tattara magunguna da janareta.

Ƙungiyoyin farar hula kuma suna sa ido kan kuɗin jama'a. Da hannunsu aka gina Prozorro, tsarin ba da kwangila ta intanet da ya zama wajibi a 2016, suka kuma kafa Dozorro domin bin diddigin kwangilolin. A 2023 aka buɗe tsarin DREAM, inda ƙananan hukumomi ke bayyana ayyukan sake gina garuruwansu.

Matsaloli

Tsarin na da rauninsa. A watan Disambar 2024, wani harin kutse da Yukren ta ɗora alhakinsa kan Rasha ya tsayar da rumbunan bayanan ma'aikatar shari'a na tsawon makonni. Katsewar wutar lantarki da rashin babbar waya kan hana wasu tsofaffi cin moriyar hidimomin.

Dokar soja da aka kafa a 2022 ta dakatar da zaɓuɓɓuka, ta kuma miƙa wasu garuruwa ga hukumomin soja da shugaban ƙasa ke naɗawa. Hakan ya sa bin diddigin da ƙungiyoyin ke yi ya zama ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin da jama'a ke sanin inda kuɗinsu ke tafiya.