Noman Filaket: Tarihin Samar da Ƙwayoyin Tsayar da Jini a Ɗakin Bincike

Filaket, kamar yadda ma'aikatan asibiti ke kiransu a Maraɗi, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ke yawo cikin jini. Da zarar jiki ya samu rauni, su ke rugawa su manne da juna su toshe bakinsa. Aikinsu ne manomin rani a Jiratawa yake gani idan lauje ya yanke shi, jinin ya tsaya tun bai bar gona ba. Idan suka yi ƙaranci, sai haɓo ya ƙi tsayawa, dasashi ya riƙa tsiyaya, wani lokaci jini ya ɓalle a ciki. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a ɗigon da bai wuce kan allura ba, kuma kowace ƙwaya kwana 7 zuwa 10 take yi ta mutu.

Wani likita ɗan Italiya, Giulio Bizzozero, shi ya bayyana aikinsu a 1882. A 1906 James Homer Wright na Amurka ya gano mahaifarsu: wata ƙatuwar ƙwaya a cikin ɓargo, megakariyosit, wadda ke miƙa rassa cikin jijiya, gudun jini ya tsinke su gutsi-gutsi. Zuwa farkon shekarun 1960, Emil Freireich da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙarin filaket yana ceton yara masu sankarar jini, waɗanda a da zubar jini ke kashewa tun magani bai kama su ba.

Daga nan wahalar ajiya ta taso. Jajayen ƙwayoyin jini suna kai kwana 42 a firji, ruwan jini kuma ana daskarar da shi ya shekara. Filaket ba su yarda da haka ba. A 1969 Scott Murphy da Frank Gardner suka nuna cewa sanyi yana rage musu kwana a jikin majinyaci, don haka aka koma ajiye su a ma'aunin zafi 22, bisa na'urar da ke girgiza su dare da rana. A wannan ɗumi ƙwayoyin cuta na saurin hayayyafa, shi ya sa yawanci bayan kwana 5 sai zubarwa. A gari irin Maraɗi, inda zafin Afrilu ke haura 40 kuma wutar lantarki ke ɗaukewa, wannan sharaɗi ba ƙaramin nauyi ba ne.

Tunanin noma su a kwalba ya samu ƙafa a 1994, shekarar da aka gano turombofoyetin, sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera filaket. A 1995 masu bincike suka samar da su daga ƙwayoyin tushe na jinin mutum, wato waɗanda sauran ƙwayoyin jini ke fitowa daga gare su, sai dai abin da aka girba bai taka kara ya karya ba.

Japan ce ta buɗe ƙofa. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya mayar da ƙwayar fatar ɓera ƙwayar tushe, wato irin wadda ke iya rikiɗa ta zama kowane sashe na jiki. A 2007 ya yi hakan da ta mutum, kuma aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 2012. Wani abokin aikinsa, Koji Eto, ya ɗora a kai. A 2014 tawagarsa ta samar da iyayen filaket, wato megakariyosit, da ake iya daskarewa a ajiye kamar iri a rumbu, a fito da su a ninka duk lokacin da ake so. Amma iyayen sun yi rowa: a cikin jiki kowace tana zubar da dubbai, a kwalba kuwa 'yan ƙalilan.

Sirrin yana cikin motsin ruwa. Da Eto da tawagarsa suka leƙa ɓargon ɓeraye masu rai, sai suka ga filaket sun fi tsinkewa a wuraren da jini ke hautsinewa. Suka ƙera tulu mai cin lita 8 da faifan da ke hawa da sauka, tamkar mai kaɗa nono a gora. A 2018 suka bayar da sanarwar girbin biliyan 100 daga tulun.

Daga 2019 zuwa 2020 aka yi gwajin farko a jikin ɗan'adam a asibitin Jami'ar Kyoto. Majinyaciyar mace ce da ɓargonta ya gaza, jikinta kuma yana ƙin filaket na kowa, don haka daga ƙwayoyinta aka noma nata, aka ƙara mata sau 3, ana ƙara yawa kowane karo. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ba ta samu wata babbar illa ba, amma adadin filaket a jininta bai tashi a fili ba. A Ingila ma, tawagar Cedric Ghevaert ta Jami'ar Kambirij ta fitar da tata hanyar a 2016.

Abin da ya rage shi ne tsada da yawa. Jaka ɗaya ta babban mutum tana ɗauke da biliyan 200 zuwa 300, kuma mai bayarwa ɗaya yana cika ta cikin awa biyu a kan na'urar tace jini, alhali noman yana cin makonni. Burin masu binciken shi ne su samar da iri guda da jikin kowa zai karɓa, wanda babu ciwon hanta ko ƙanjamau a cikinsa.

Har yau noman bai fita daga matakin gwaji ba. A babban asibitin jihar Maraɗi da cibiyar kula da uwa da yaro, jinin da ake ƙara wa mai haihuwa daga Tibiri, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya tsotse a watan Satumba, daga hannun dangi da masu bayarwa don Allah yake fitowa.