Hutu a Damagaram: wuraren da ake kai baƙo, daga Birni har tabkin Gidimuni

Duk lokacin da salla ta matso ko aka ba ƴan lakkol hutu, tambaya guda ce ke yawan zo mana: wanda ya taho gida da iyali daga Kano, Legas, Abijan ko Turai, ina zai kai yara su buɗe ido? Wasu har da tsokana, su turo hoton bakin teku na Lome ko na tsibirin Zanzibar, su ce ku a Damagaram me gare ku in ba rana da duwatsu ba.

To, gaskiya ne, ba mu da teku kuma ba mu da tsibiri. Wanda ya nace sai tsibiri a cikin Nijar, sai ya nufi kogin Isa, irin na Bubon da ke kusa da Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan. Tsibiran tabkin Cadi kuwa, halin tsaro bai bari a je can yawo ba. Amma abin da ke gare mu ya isa ya cika wa baƙo kwana uku, kuma wasu daga ciki suna lalacewa muna kallo. Shi ya sa muka tattaro su wuri guda.

Birni da fada

Nan ake farawa. Malam Yunus ne ya kafa gidan sarautar Damagaram a wajejen 1730, daga baya Sarki Sulaiman ya maido kujerar mulki Zinder a farkon ƙarni na 19. Amma wanda ya ɗaga garin shi ne ɗansa Tanimun, da ya yi sarauta har 1884. Shi ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka riƙa ƙera igwa a nan cikin gari, kuma a zamaninsa aka gina fadar da muke gani yau, wajejen 1850. Lokacin ayarin raƙuma daga Tarabulus ta Agadas sai ya sauka nan kafin ya wuce Kano, da tufafi, da gishiri, da fatu, da gashin jimina, har da bayi, don wannan ma yana cikin tarihin kuma bai kamata a ɓoye wa yara shi ba. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya sauka garin a ƙarshen 1852.

Ganuwar yanzu sai guntaye, in ba an nuna maka ba sai ka wuce ba ka sani ba. Fada kam tana nan da ranta, ba gidan kallo ba ce kawai: sarki na zaune, ana shari'a, ana sasanta mutane. Saboda haka akwai ladabi. A gaida dogarai, a faɗi abin da ya kawo mutum, a cire takalmi inda aka ce a cire, kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoto sai an nemi izini. Wanda ya zagaya da ku, a ba shi na goro. In so samu ne a zo ranar Juma'a ko lokacin hawan salla, a ji kakaki da algaita, a ga dawakai da kayan ado. Yaron da aka haifa a waje, wannan ranar ba ya manta ta.

Daga fada sai a shiga lungunan Birni da ƙafa, don mota ba ta da amfani a nan. A duba fuskokin tsofaffin gidaje: zanen da magina suka yi da hannu kan ƙasa, da zankwaye a saman soraye, da manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su kamar tare aka halicce su. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fada cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Agadas ta samu shiga a 2013, mu har yanzu muna layi.

Abin da ya sa na ce kada a yi ta ɗagawa sai baɗi: a farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya rusa tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye. Mutane da yawa da suka girma a garin nan sai a waya suka ga faɗuwarsa, wasu ko sau ɗaya ba su taɓa kai ƴaƴansu ciki ba. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara. Gidan da magada suka watse, ba mai yaɓe, damina biyu ta ishe shi.

Zamanin Turawa

A watan Mayu na 1898 aka kashe hafsan Faransa Kazamaju a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, a ƙarshen Yuli 1899, sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga gari, daga baya aka kashe sarkin. Barikin da suka gina bisa dutse suka sa masa sunan Kazamaju yana nan, amma wurin soja ne, a hange shi daga nesa, ban da hoto. Akwai kuma maƙabartar Turawa. Zinder ce babban birnin mulkin mallaka daga 1911 har 1926 da aka maida shi Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Mai son zurfafawa ya nemi rubuce-rubucen marigayi André Salifou, ɗan garin nan, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa.

Zango da kasuwa

Zango ita ce unguwar fatake, inda ayari ke sauke kaya a wajen ganuwa. Nan attajirin nan Malam Yaro ya zauna, kuma har yau akwai gidaje masu zane da ba su gaza na Birni ba. Ranar Alhamis ce babbar ranar kasuwa. Mai neman tsaraba ya nufi wajen dukawa: jaka, takalmi, matashin fata, duk aikin hannu ne da aka san Damagaram da shi. A haɗa da alkaki da kilishi. A yi ciniki da sakin fuska, in aka ji Hausarka ta sauya za a ɗan ɗaga kuɗi, wannan ba abin faɗa ba ne.

Mirya

Kimanin kilomita 18 daga Zinder, tsohon gari ne na ƙasar Sosebaki. Ranar Lahadi kasuwarta ke ci. Ana zuwa don tukwane da tuluna da randuna, da kuma garake masu inuwa inda mutum zai zauna ya huta. Da safe a je, da la'asar an dawo.

Tabkin Gidimuni

In akwai wurin da zai sa mai hoton teku ya yi shiru, to nan ne. Gidimuni na gabas da Zinder bisa babbar hanyar Gure da Difa, sama da kilomita 60. Kana tafe cikin rairayi da ƙaya, sai ka gangara ka tarar da ruwa shimfiɗe, dabino ya kewaye shi, ga garake kore shar: rake, rogo, albasa, kabeji, tumatir. Masunta na kama kifi, da sanyi kuma tsuntsaye na sauka, har da masu tasowa daga Turai. A 2019 aka sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, kamar yadda aka sa tabkin Lasuri, shi ma a jihar nan, tun 2005.

Sai dai a sani, ba wurin shaƙatawa ba ne irin na otal mai kujeru a bakin ruwa. Gonakin mutane ne, abincinsu ke nan. A yi sallama kafin a shiga garka, a sayi abin da aka gani a hannun mai shi, kada a bar leda da gwangwani. Abu na biyu, kuma ina roƙon iyaye su ji wannan: kada a bar yara su faɗa ruwan. Ruwan da ke kwance yana sa tsargiya, ga laka mai riƙe ƙafa. A tafi da tabarma da ruwan sha da abinci, a kama hanyar gida tun rana ba ta faɗi ba.

Yaushe za a zo

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, lokacin sanyi, garake sun cika, sai dai ƙurar hunturu. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma lokacin ne ruwan pampo ke wuya a unguwanni da yawa. Mai zuwa da iyali a bazara ya tuna gidan da zai sauka sayen ruwa suke wajen ƴan ga-ruwa, ya sa hannu a aljihu tun ba a tambaye shi ba. Da damina gari ya yi kyau amma sauro ya yi yawa. Yaran da suka tashi a Turai jikinsu bai san zazzaɓin cizon sauro ba, a nemi maganin rigakafi wajen likita tun can, a kwana cikin gidan sauro.

Daga Kano tafiyar kimanin kilomita 240 ce, ta Daura da Matamai. A riƙe takardar shaidar ɗan ƙasa da katin allurar shawara. Wanda ya zo da baƙo mai fasfo na wata ƙasa, ya tuntuɓi hukuma kafin ya fita da shi bayan gari. A cikin gari kuwa kabu-kabu da adaidaita sun wadata, a dai gama ciniki kafin a hau.