Tarurrukan Jam'iyyar Mutanen Arewa

Jam'iyyar Mutanen Arewa ba da siyasa ta fara ba. Cikin 1948 waɗansu ma'aikata masu ilmin zamani a Zariya da Kaduna suka kafa ta don zumunci, da yaƙi da jahilci, da lalaci, da zalunci. Likita Dikko ne shugaba. Ba a daɗe ba ta yi rassa a manyan garuruwa.

A watan Yuni 1949 rassan suka aiko wakilansu Kaduna, aka yi babban taro na farko, aka watse lafiya. Amma a taron Jos, cikin Disamba 1950, wakilan Kano suka ce lalle ta zama jam'iyyar siyasa. Sauran wakilai, galibinsu ma'aikatan Gwamnati da na En'e, suka ƙi, gudun ɓata wa sarakuna rai. Sai mutanen Kano suka ware, suka tsaya ga NEPU, wadda suka kafa a watan Agusta na wannan shekara.

Abin mamaki, a Oktoba 1951 jam'iyyar ta shiga siyasar da ta ƙi, Sardaunan Sakkwato da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shigo. Amma ɓarakar Jos ba ta ɗinku ba har soja suka rushe jam'iyyu a 1966.