Waƙa Mai Ɗauke da Saƙo: Daga Sifawa Zuwa Shagari

Uwargida, ki ɗan matso da akwatin rediyonki kusa, yau hirarmu a kan waƙa take. Da yawanmu mun ɗauka waƙa abin biki ce kawai, ko abin rage gajiyar daka. To, tarihin wannan yanki namu ya nuna ta wuce nan.

Mu fara da ƙasar Boɗinga. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Mutanen gidan nan sun san ba kowa ke karanta Larabci ba, shi ya sa suka riƙa tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, suna gargaɗi ga talaka da mai mulki baki ɗaya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kai abin har cikin ɗakunan mata. Jajoji sukan zo wurinta su hardace waƙa, su koma ƙauyuka su rera wa 'yan taru. Kin ga ke nan, mace tana cikin gidanta ilmi ya iske ta.

Bayan shekaru masu yawa sai ga wani malamin makaranta, haifaffen garin Shagari a 1925, wato Alhaji Shehu Shagari. A 1948, Turawa na mulki, ya tsara Waƙar Nijeriya, inda ya zayyana ƙasar da garuruwanta da jama'arta. Yaron da bai taɓa wuce Yabo ba, sai ga shi yana rera sunayen wuraren da bai taɓa gani ba, yana jin ƙasarsa ce. Wannan malami shi ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Ya rasu a 2018, aka kai shi makwancinsa a Shagari.

Ba mu kaɗai muka san ƙarfin waƙa ba. A Afirka ta Kudu an yi wata mace, Miriam Makeba, wadda ta gauraya waƙoƙin gargajiyarsu da kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka, tana faɗa wa duniya halin da wariyar launin fata ta jefa mutanenta. A 1960 mahaifiyarta ta rasu tana waje, gwamnati ta soke fasfonta, ko jana'iza ba ta samu ba. A 1963 ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta zo Legas bikin FESTAC a 1977, amma ba ta sake taka ƙasarta ba sai a 1990. Da waƙa wasa ce, ai da ba a hana mace komawa gida shekara talatin a kanta ba.

To 'yar uwa, duk lokacin zaɓe waƙoƙin siyasa kan shigo mana gida ta rediyo da wayar hannu, yaranmu su hardace kafin mu ankara. Ki riƙa saurare da kunnen basira. Waƙar nan tana maganar ruwan sha, da asibitin haihuwa, da makarantar 'ya'yanki? Ko kuwa zambo ne da kirarin wanda ya biya? Abin da yaro ya rera yau, da shi zai tashi.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.